Abin da Na Ɓoye a Jirgin Sherifatu

Gorton, Manchester
Litinin, 22 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga 'yata Sherifatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya. Ya aiki, ya gajiyar ɗawainiya da ni ranar Asabar? Na iso gida lafiya. Ƙafata ta kumbura a bas, amma kumburin ya sauka.

Malama Virtue, mai koya mana karatu a laburare, ta ce in daina jiran Talata kafin in riƙe biro, in riƙa rubuta wa mutum na gaske. To ke ce mutumin. A waya bakina yana riga hankalina, sai mu rabu da faɗa. A takarda kuwa, kafin in gama haɗa haruffan faɗan, fushin ya huce. Shekara hamsin da takwas na yi a duniya kafin in iya rubuta sunana, saboda haka idan layina ya gangara kar ki yi dariya.

Na ga jirgin naku. Da kika ce kin shiga mallakar jirgi ke da mutum uku, na ɗauka ƙanin wanda ya kawo mu daga Accra ne. Ashe tasin babanki ta fi shi faɗi. Da idona na ga dattijon nan, Baba Alfred Nyam, ya kama shi da hannu ɗaya ya jawo shi daga rumfa kamar akuya. Abin da tsoho zai ja da hannu, shi ne zai riƙe min ke a sama? Na ƙwanƙwasa jikinsa, ya yi ƙarar gwangwanin madara.

Baba Nyam mutum ne. Da ya buɗe baki na ji Hausar Jos, sai da na riƙe haɓa. Tun da shi ne makanikinku, na aika masa kwalbar shito, soyayyen yajin nan namu na Ghana, ta gidan waya, don ya riƙa ɗaure kusoshin da kyau. Sauran biyun da kuka haɗa jirgin, Baturiyar nan Margaret kuwa, ko an taɓa ganin haƙoranta? Shi yaron, Ethan, yana da fara'a, sai dai rama. Matarsa ba ta ba shi abinci ne?

Na gode da kika bar ni na zauna a kujerarki. Da aka kira ki ofis kika bar ni ni kaɗai, na daɗe ina kallon agogunan nan da yawa, ina yi miki addu'a.

Jiya a masallaci mata sun kewaye ni. Sun ce Wasilatu, 'yarki mai sa'a ce, ranar aiki tana tuƙa jirgin ƙasa, ranar hutu tana tuƙa na sama, saura na ruwa. Na ce sa'ar babanta ta gada. Issifu, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha tara yana jan babbar mota daga Kumasi zuwa Bawku, ya zo nan ya yi sha ɗaya a tasi, ko kaza bai taɓa takawa ba. Amma na ji tsoro da suka faɗa da ƙarfi haka. Sa'a ba ta son a yawaita kiran sunanta.

Yanzu duk lokacin da nake shanya a bayan gida na ji ƙaramin jirgi, sai in tsaya da rigar a hannu har ya wuce. Na san ba ke ba ce. Duk da haka.

Ki ci abinci. Yayanki Zulkarnaini yana gaishe ki.

Mahaifiyarki,
Wasilatu

Ladywood, Birmingham
Lahadi, 19 ga Mayu

Mama,

Wa alaikumus salam. Ki yafe min jinkiri, lokutan aikina sun rikice wannan watan. Wasiƙarki tana manne a firij. Layin bai gangara sosai ba, kuma Baba Nyam ya ce shiton ya sa shi hawaye amma bai fasa ci ba.

Zan gaya miki wani abu, ki zauna tukuna. Kowa lafiya, ba ni ce a ciki ba. Na gwammace ki ji daga gare ni da ki ji a bakin Zulkarnaini, wanda zai ƙara masa gishiri.

Jiya Ethan ya ɗauki matarsa Chloe suka je yawo a jirgin. Wajen sauka akwai iska daga gefe. Kin tuna fedoji biyun nan da na nuna miki a ƙasa, wajen ƙafafu? Da su ake miƙe hancin jirgi. Ya taka ta hagu, ta ƙi tafiya. Jirgin ya bar hanya ya shiga ciyawa, bakin fiffike ya daki shinge, tayar gaba ta lanƙwashe. Suka fito da ƙafafunsu. Chloe ta yi ta amai don tsoro, shi ke nan. Ba mu san abin da ya riƙe fedar ba tukuna. Baba Nyam zai buɗe wajen ranar Alhamis. Ni ce na tuƙa shi kafin Ethan, ranar Laraba, kuma lafiya lau na ji shi.

Maganar sa'a kuma, Mama, ki gaya wa matan masallaci sau biyu na faɗi jarrabawar tuƙin jirgin ƙasa. Shekara shida ina tara awannin koyon jirgin sama, awa ɗaya a wata, wani watan babu. Baba ma ba sa'a ce ta riƙe shi ba. Ina 'yar shekara goma, ta taga nake ganinsa kowace safiya yana zagaya tasin nan cikin sanyi, yana danna taya da babban yatsa, yana zaro sandar mai yana gogewa. Ke kina kicin, ba ki gani ba. Abin da nake yi ke nan kafin in tashi: takarda a hannu, abu talatin da ɗaya, ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Allah yana tsarewa, na yarda. Amma ba ya hana mutum leƙa tankinsa.

Kar ki kira ni kina kuka. Kin je wajen likita kan ƙafar nan?

'Yarki,
Sherifatu

Gorton
Laraba, 22 ga Mayu

Sherifatu 'yata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Sau uku na karanta. Ban kira ba, kin gani. Na yi sadakar ƙosai a masallaci saboda yaron nan da matarsa.

Yanzu ki saurara, mai takarda da abu talatin da ɗaya. Takardar ta hana fedar ƙin tafiya? Ba ta hana ba. Amma mutum biyu sun daki shinge a cikin gwangwanin madara sun fito ko ƙwarzane babu. Ba ki tambayi kanki dalili ba?

Na yi niyyar in mutu da wannan maganar, amma tun da kin ce babu sa'a, bari ki ji. Carbin babanki, baƙin nan mai ƙwaya casa'in da tara. Shi ne ya rataya a madubin babbar mota tun daga Kumasi, shi ne ya rataya a tasi. A zangonmu ba a sa sabuwar mota a hanya sai an sa mata wani abu na gida, kowa ya san wannan. Ranar da kika bar ni a kujerarki na duba, jirgin naku ko madubi ba shi da shi. Na san idan na ba ki a hannu za ki ce Mama ba a haka a nan. Sai na sunkuya, da wannan bayan nawa, na cusa shi can ƙasa ta gaba, bayan shimfiɗar da ake taka ƙafa, inda ido ba ya kaiwa. Na tura shi sosai don kar ya faɗo.

Domin ke na sa shi, sai ga shi ya yi wa ɗan mutane aiki. Ba komai, Issifu bai taɓa zaɓar fasinja ba.

Idan Baba Nyam ya buɗe ya gan shi, ki ce ya mayar da shi inda yake. Shi ɗan gida ne, zai gane.

Yau na yi barcin rana, rabona da shi tun Afrilu.

Mahaifiyarki,
Wasilatu

Gorton
Juma'a, 7 ga Yuni

Sherifatu,

Sallama da gaisuwa. Kwana goma sha shida ke nan. Na kira, yana ta ringin. Kin turo wa Zulkarnaini saƙo cewa kina lafiya, aiki ne. Ni ba ni da waya ne?

Mai kawo wasiƙa ya fara gaishe ni da suna, saboda a bakin ƙofa yake tarar da ni. Na sake duba abin da na rubuta miki a cikin kaina, ban ga zagi ba. Idan tsokanar takardarki ce ta ɓata miki rai, wasa nake yi.

Babbar Sallah saura kwana tara. Na sa an ajiye min kason naman layya a shagon Harun. Za ki zo? Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Mamanki

Sparkhill, Birmingham
10 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Maman Sherifatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne Alfred Nyam, wanda kika aika wa shito. A jikin kwalin na sami adireshinki. Sherifatu ta hana ni rubuto miki, amma ina da 'ya'ya, kuma na girme ta da shekara arba'in, don haka na saɓa mata.

Zan faɗa miki kai tsaye, domin na ga ke ba mai son kwana-kwana ba ce. Ran 23 ga Mayu na cire murfin da ke gaban fedoji. Na sami carbi ya naɗe a jikin sandar da ke haɗa su, ƙwaya uku sun shige tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Jirgi yana karkarwa idan inji na aiki. A hankali, cikin wata guda, carbin ya zame daga inda aka sa shi har ya kai wurin. Shi ne ya riƙe fedar Ethan.

Sherifatu tana tsaye a bayana da na zaro shi. Ta karɓa, ta share masa man inji da gefen mayafinta, ta fita waje. Wasiƙarki kuma ta same ta a gida da yammacin ranar.

Ga inda magana take. Mu huɗu muna da yarjejeniya a rubuce: wanda sakacinsa ya jefa ran wani cikin haɗari, sauran ukun za su iya cewa ya sayar da kasonsa ya fita. Sherifatu ta gaya musu carbinta ne, daga aljihunta ya faɗi. Ba ta ambace ki ba. Margaret ta ce carbi ba ya faɗuwa ya shige bayan shimfiɗa da kansa, akwai abin da ba a faɗa ba, kuma ita ba za ta raba jirgi da mai ɓoye magana ba. Ethan bai yanke shawara ba tukuna. Matarsa har yanzu ba ta yarda ya ambaci jirgi a gida ba. Za mu zauna ran Asabar 22 ga wata. Ni ina bayanta. Margaret ba ta bayanta. Saura Ethan.

Idan ta fita, ba ƙaramin abu ba ne. Filayen ƙananan jiragen nan kowa ya san kowa. Da wuya wata ƙungiya ta karɓe ta, kuma ita kaɗai ba za ta iya riƙe jirgi ba.

Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba. Ranar da zan bar Jos, uwata ta ɗinke min ayar Zabura a cikin wuyan kwat, sai bayan shekara biyu mai wanki ya gano ta. Na san hannun da ya yi wannan aikin. Amma shekara arba'in da ɗaya ina gyaran jirage, kuma a sana'armu wanda ya yi kuskure ya faɗa, muna ci gaba da aiki da shi. Wanda ya rufe, ko don kunya ko don ƙauna, shi muke tsoro.

Ubangiji ya ba ki kwanciyar rai.

Naki cikin girmamawa,
Alfred D. Nyam

Gorton
Laraba, 12 ga Yuni

Zuwa ga Baba Nyam,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida iyali. Allah ya saka da ka saɓa mata.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune a kan matakala. Na yi sadakar ƙosai ina murna, ashe ni ce. Da yaran nan sun mutu, da ni na kashe su, ina nan Gorton ina barcin rana.

Ina roƙonka abu ɗaya. Turancina na kasuwa ne, ba zai ɗauki wannan ba. Ka karanta musu abin da ke ƙasa ranar zaman, ka juya shi yadda yake, kar ka gyara ni.

Ni Wasilatu, matar marigayi Issifu, ni na sa carbi a jirginku ran 20 ga Afrilu. 'Yata ba ta sani ba. Ta yi muku ƙarya ne don kar a ce uwarta jahila ce. To jahilar ce. Ban san abin da ke bayan shimfiɗar ba, ban tambaya ba, don na san idan na tambaya za a hana ni. Ethan, ɗana, na sa ka cikin abin da ban taɓa so wa ɗan kowa ba. Chloe, na ji kin yi amai don tsoro. Ni ma na san wannan tsoron, da shi nake kwana, shi ne ya sunkuyar da ni na yi abin da na yi. Ban ce ku yafe ba. Na ce ku san mai laifin. Sherifatu tun tana ƙarama ba ta taɓa barin murfin tukunya a karkace ba. Idan hukunci ne, ku hana ni zuwa filinku har abada, na yarda, dama ba na son wurin.

Shi ke nan. Sau huɗu na kwafe shi kafin ya fito babu gogewa.

Wasilatu

Ladywood
Talata, 18 ga Yuni

Mama,

Barka da Sallah. Na yi aiki ranar, ni na roƙa a sa ni. Ban iya zuwa in zauna a gabanki ba.

Baba Nyam ya nuna min abin da kika rubuta. Na yi masa faɗa, sannan na shiga mota na yi kuka kamar wata yarinya.

Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ban iya taɓa wayata ba idan sunanki ya fito. Ranar Larabar nan da na tashi ni kaɗai, carbin yana nan yana matsowa, ina sama da garin Malvern ina waƙa. Amma ba fushin ne ya hana ni rubutu ba. Na rasa yadda zan gaya miki cewa carbin Baba ne ya riƙe fedar. Kin rubuto kina murna, kin ce kin yi barci. Ta ina zan fara?

Kuma ki daina kiran kanki jahila, ba na so. Wa ya kai ni makaranta a Gorton cikin ruwan sama, yana nuna wa direban bas takarda da adireshi don bai iya karantawa ba?

Abu ɗaya ne ba ki gane ba, kuma wasiƙarki ba za ta ɗauke min shi ba. Laifin nawa ne da gaske. Doka ta farko da aka koya min ita ce ba a barin baƙo shi kaɗai a gaban jirgi. Na bar ki minti goma don na ga kina shafa kujerar, na ce bari Mama ta saba da shi. Da na dawo ban duba ba, ban tambaye ki ba. Sannan na yi wa abokaina ƙarya. Waɗannan nawa ne, kuma ran Asabar zan faɗe su da bakina kafin a karanta taki.

Carbin yana wurina. Ƙwaya uku sun fashe. Na wanke sauran.

Kar ki hau bas ki zo, na san ki. Ƙafarki.

Sherifatu

Sparkhill
Lahadi, 23 ga Yuni

Maman Sherifatu,

Gaisuwa. Yanzu na dawo daga coci, na ce ba zan ci abinci ba sai na rubuto.

Mun zauna jiya a rumfar jirgin. Sherifatu ta yi magana da farko, ba ta rage wa kanta komai ba. Sannan na karanta taki, ban gyara ki ba. Da na kai wurin da kika ce dama ba kya son filin, Margaret ta yi dariya. Sherifatu ta ce kin taɓa tambaya: tana da haƙora, na gani. Amma ba ta canza ra'ayi ba. Ta ce tana girmama ki, sai dai ƙaryar 'yarki ta riga ta faru.

Chloe ta zo, ba mu zata ba. Ta karɓi takardar ta daɗe tana kallon rubutunki, ko da yake ba ta jin ko kalma ɗaya.

Ethan ya yi tambaya ɗaya tak. Ya ce, matar da ta iya ɓoye abu ɗaya cikin minti goma, ta yaya zan san ɗaya ne? Na ce masa na bincike jirgin daga hanci zuwa wutsiya da fitila da madubi, sau biyu, ban ga komai ba. Ya ce ba ni ya tambaya ba. Ya ce a tambaye ki, zai ba da amsarsa bayan ya ji taki.

To ga tambayar. Zan gaya miki gaskiya: idan kika ce babu, ina jin zai yarda, magana ta ƙare. Idan akwai, ban san yadda zai ɗauka ba, kuma Margaret za ta ce abu biyu ke nan Sherifatu ba ta gani ba. Gyara ya kusa kammala, jirgin zai tashi farkon wata.

Naki,
Alfred Nyam

Gorton
Laraba, 26 ga Yuni

Sherifatu, ki karanta sannan ki kai wa Baba Nyam.

Assalamu alaikum. Tun jiya da safe takarda take gabana. Na rubuta babu. Harafi huɗu ne, ya fito da kyau, ko gangarawa bai yi ba. Na sa a ambulan, na liƙe, na kai har bakin akwatin gidan waya na kan Hyde Road. Na tsaya a wurin har wata mata ta tambaye ni ko na ɓata ne. Na dawo da shi gida.

Akwai.

Kujerar matuƙi, ta hagu. A ƙarƙashinta ta baya akwai zif ƙarami, sai an sa hannu ake jin sa. Na buɗe na tura kwalbar zamzam cikin soson, 'yar ƙarama kamar babban yatsa, wadda Hajiya Raki ta kawo min. Na mayar da zif ɗin. Baba Nyam ya yi haƙuri, ba laifin fitilarsa ba ne. Na yi shekara ashirin ina ɗinkin katifa a Kumasi.

Na gaya wa kaina ruwa ne kawai, a cikin soso yake, ina zai je? Sai na tuna haka na ce da carbin. Ban san jirgi ba. Abin da na sani shi ne yaron nan zai zauna a kan kujerar yana ganin an gaya masa gaskiya.

'Yata, wataƙila wannan takardar ce za ta raba ki da abin da kika yi shekara shida kina nema. Na san haka da na ɗauki biro. Idan ta raba ku, ki yi fushi da ni iya son ranki, ina nan, ba inda za ni.

Tun da na fara, bari in gama. Jakarki ta tafiya, baƙar, akwai ƙulli a cikin shafin aljihun ciki, ki farke. Motar Zulkarnaini ma na sa shi ya tsaya jiya na ciro abin da ke ƙarƙashin kujerarsa, yana ta kallona baki buɗe. Babu saura. Wallahi babu saura.

Yanzu ba ni da komai tare da ke a can sama. Ban san yadda ake zama haka ba. Zan koya, na koyi biro ma.

Mahaifiyarki,
Wasilatu

Filin jirgi
Asabar, 6 ga Yuli

Mama,

Baba Nyam ya buɗe zif ɗin a gabansu. Kwalbar tana nan inda kika ce. Ethan ya juya ta a tafin hannunsa, ya ce da kin yi shiru babu mai ganin ta har abada. Sannan ya miƙo min mabuɗin. Ƙuri'a biyu da ɗaya, ban fita ba. Wata shida ba zan ɗauki fasinja ba, sharaɗin Margaret ne, na karɓa.

Zamzam ɗin na shanye shi kafin in hau. A cikina ba zai riƙe feda ba.

Na tashi ƙarfe goma. A kan fiffike nake rubuta wannan, injin bai gama hucewa ba.

Na sauka, Mama. Ki ci abinci.

Sherifatu